Kawu da Famfon Jirgin Ɗansa

Da yawa daga cikin waɗanda suka fara isowa gidan a ranar ba su san wanda ya rasu ba. Labarin a guntule ya shiga kasuwar Gidan Rumji: an yi rasuwa a garin Gidan Sori, a gidan tsohon makaniken jirgi, kuma ba jinya aka yi ba. Kowa ya ƙarasa sauran da kansa. Gidan da ke da ɗa matuƙin jirgin sama, ɗan da bai daɗe da saukar dole a cikin gonar wake ba, wa za a yi zato? Mutane suka hau moto, wato babur, wasu amalanke, suka taho yi wa makaniken, wato Kawu, gaisuwar ɗansa. Suka tarar da ɗan zaune kan tabarma a ƙofar gida, idanu jajur, shi ake miƙa wa hannu.

Ni ɗiyar ƙanwar mamacin ce, ina aure a Maraɗi. Ina cikin wanki maigidana ya shigo riƙe da salula, ya ce in zauna tukuna. Ya ce, "Kawunki ya rasu." Na ce masa, "Ɗan Kawu dai. Ba ka ji da kyau ba." Har na fara kukan taubashina, wato shi matuƙin jirgin, sai maigidan ya sake kira ya ɗora mini salular a kunne, na ji muryar taubashin da kansa. Ban tuna abin da na ce masa ba. An ce na tambaye shi ko ya tabbata.

Da hantsi abin ya faru. Kawu yana miƙa damman hatsi ana zubawa a rumbu, sai ya ce bari ya ɗan zauna, a ba shi ruwa. Matarsa, wadda dukanmu muke kira Inna, ta shiga ta ɗebo. Da ta fito ta same shi jingine da ƙafar rumbun, ko hularsa ba ta karkace ba. Ta yi masa magana, ta ajiye kwanon a gabansa, har ta juya za ta tafi, tana tsammanin gyangyaɗi yake. Kafin in iso an riga an kai shi.

Ina tsaye a bakin zaure, ban ma shiga wajen mata ba, sai ga wani tsohon Bafillace, aminin Kawu, wanda muka tashi muna ce wa Baffa. Daga rugarsu ya taho a ƙafa. Idonsa ya yi rauni, bai lura da waɗanda ke kan tabarma ba. Ya ajiye sandarsa ya ce, "Ina Malam? Na zo in ba shi haƙurin yaro."

Taubashina ya miƙe ya matso kusa da shi, ya ce, "Baffa, ni ne. Baba ne ya rasu."

Baffa ya kama hannunsa, ya shafa har kafaɗa kamar mai son tabbatarwa, sannan ya zauna a ƙasa, ba kan tabarma ba. Ya ce, "Jiya na bi ta gona. Shi ya ɗaga dami ya aza kan amalanke, bai kira kowa ba. Jiya fa." Daga nan bai ƙara Hausa ba, sai "munyal, munyal" da yake ta nanatawa, wato haƙuri a bakinsu, kuma ban san ko mu yake faɗa wa ko kansa ba.

A cikin gida uwata ba kuka take yi ba, gardama take. Duk wadda ta durƙusa ta ce Allah ya jiƙansa, sai ta amsa da amin, ta ƙara da cewa, "Amma Yaya ya ce zai zo ran Juma'a ya duba mini injin niƙa." Sai da aka kwana biyu hawayen suka zo mata.

Ƴaƴana sun san Kawu a matsayin tsohon da ke gyara injinan ban-ruwa a gindin itacen bedi. Ba na son iyakar abin da za su sani ke nan, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kawu ya yi ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a filin jirgi, yana gyaran ƙananan jiragen da ake feshin fara da su. Yaro ne ɗan lakol, wato makarantar boko, da aka ga hannunsa yana da kyau aka tura shi koyo, ya yi aiki a Yamai, ya yi a Maraɗi, da ya aje aiki ya koma gonar ubansa. Amma kunnensa bai aje aikin ba. Kuna cikin hira sai ka ga ya karkata kai, ya bar maganar a tsakiya, saboda wata moto ta wuce a bayan gida. Sai ya ce, "Wannan ba za ta kai Tibiri ba," ya ci gaba daga inda ya tsaya. In aka kawo masa inji, kafin ya taɓa sifana sai ya tsoma yatsa a mai ya shinshina. In mai injin ya ƙosa ya tambaye shi ko zai gyaru, amsarsa guda ce: "Bari mu ji ta bakinsa." Ba ya ajiye noti a ƙasa, ko da a kan tabarma ne, sai a cikin wani tsohon kwanon sha da Inna ta gaji da nema ta bar masa. Kuma yana da wata magana da ya gaji masu moto da ita, duk sanda ɗaya ya ce a ɗaure masa abu da roba ya lallaɓa haka nan. Yakan ce, "Kai kana da gefen hanya, shi ya sa. Inda na yi aiki babu gefen hanya."

Yadda suka haɗu da Baffa ma ta wajen jirgin ne. A shekarun feshi, aikin Kawu ya ƙare da zarar inji ya tashi lafiya. Amma shi in ya ji inda za a fesa gobe, sai ya ari keke ya bi rugage yana faɗa wa makiyaya su janye dabbobi, su rufe bakin rijiya, kada yara su tsinci farar da ta faɗo su soya. Ba wanda ya sa shi. Wasu rugagen ba su yarda da shi ba, suna zaton dabara ce ta korar su daga makiyaya. Baffa ne ya fara yarda, ya kuma dinga raka shi yana yi masa tafinta. Daga baya ya ba shi karsana. Kawu ya ce bai san abin da zai yi da saniya ba, ba ta da noti ko guda, ya bar ta a garken Baffa, zuriyarta na can har yau.

Kawu mutum ne mai sauƙi a kan kusan komai, sai a kan abu guda. Ba ya son ɗansa ya tuƙa jirgi.

Taubashina shi ne ɗan fari, a filin jirgi ya yi rarrafe, ba yadda za a yi abin bai shige shi ba. Kawu ya so ya zama likita ko malamin lakol, in ma ƙarfe yake so to ya riƙe sifana a ƙasa. Da yaron ya ci jarrabawar da za ta kai shi koyon tuƙi, Kawu ya ce bai yarda ba. Uwata ta je ta roƙe shi, limamin gari ya sa baki. Abin da ya ce wa uwata shi ne, akwai wani matuƙi da suka yi shekaru suna shan shayi tare kowace safiya, wata rana iska ta maka jirginsa da ƙasa, kuma shi Kawu yana cikin waɗanda aka tura su kwaso abin da ya rage. Ya ce, "Ke ba ki gani ba. Ni na gani." A ƙarshe bai hana ba, bai kuma sa albarka a fili ba. Ranar tafiyar yaron, Kawu ya ɗauki kwashe ya nufi gona tun kafin mota ta zo.

Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Da yake dama uba yana jin kunyar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya zama hira da shi, sai abin ya samu mafaka. Ba wanda zai iya nuna maka inda kunya ta tsaya da inda fushi ya fara. In taubashina ya zo gida ya durƙusa ya gaishe shi, Kawu zai amsa, ya tambayi hanya, shi ke nan. Kalmar jirgi ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Mu da muke gefe mun san in an ji ƙarar jirgi a sama Kawu yakan daina abin da yake yi har sai ƙarar ta ɓace, amma ba mai cewa komai.

A ƙarshen daminar bana tsuntsayen jan-baki suka sauka a yankinmu, hatsi yana cikin nuna. Taubashina a lokacin yana tuƙa wani ɗan ƙaramin jirgi mai kujera biyu, na wata ƙungiya, aikinsa ya yi shawagi ya gano inda tsuntsayen ke kwana don a san inda za a tare su. Wata safiya yana saman Sae Sabuwa injin ya yi tari, ya sake yi, ya mutu. Ya ce mini abin da ya fi ba shi tsoro shi ne shirun. Allah ya sa akwai gonar wake shimfiɗaɗɗiya a gabansa, ba itace a tsakiya. Ya sauke jirgin a ciki, ya share kunyoyin wake da yawa, ƙafar jirgin guda ta lanƙwashe, shi kuma leɓensa ya fashe. Iyakar abin ke nan.

Ƴaƴan Baffa na kiwo a kusa, su suka kai labari. Kawu ya zo a bayan moto, ko takalmi bai tsaya sakewa ba. Taubashina ya ba ni labari cewa da ya hango shi ya miƙe, riga duk jini. Kawu ya dube shi daga sama har ƙasa, ya wuce shi, ya je wajen mai gonar ya ba shi haƙuri a kan wakensa. Sannan ya buɗe murfin injin ya sa kai. Ya daɗe a ciki. Da ya ɗago, ba ɗansa ya kalla ba, jama'ar da suka taru ya kalla, manoma da makiyaya waɗanda ba su san komai a kan jirgi ba, ya ce musu, "Famfo guda gare shi. Guda tak, kuma na lantarki. Waya ta ƙone, mai ya daina zuwa."

An kwance fikafikan jirgin aka ɗora shi a babbar mota zuwa Maraɗi. Ba a yi mako ba sai ga Kawu a ƙofar gidana da jakar sifanunsa da butarsa. Ya ce, "Ɗiyata, zan kwana biyu wajenki." Ban tambaye shi dalili ba. Ya riga ya je wajen masu jirgin, wasunsu sun san shi tun da, ya ce musu a ƙara wa injin famfo na biyu, wanda injin da kansa zai dinga bugawa, kuma shi zai sa da hannunsa. Suka yarda, aka aika a kawo famfon daga waje.

Ni nake kai musu abincin rana a rumfar da ake ajiye jirgin, kuma a nan na zama tafinta tsakanin mutane biyu masu jin yare guda. Kawu na gefen inji, ɗansa na ɗaya gefen, tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba, amma sai Kawu ya ce, "Ɗiyata, ce ma taubashinki ya riƙe fitila nan." Shi kuma ya ce, "Ce ma Baba na riƙe." In ba na nan, an ce da injin suke magana.

A haka na koyi abin da ban nema ba. Kawu ya zaunar da ni kan wata tsohuwar taya ya yi mini bayani dalla-dalla, da murya mai ƙarfi yadda wanda ake nufi zai ji. Ya ce wasu jiragen fikafikansu a sama suke, tankin mai na cikinsu, mai yana gangarowa inji da kansa kamar ruwa daga indararo. Wannan kuwa fikafikansa a ƙasa suke, dole sai an turo man sama. Ya nuna mini wani ɗan faifan ƙarfe a jikin injin, ya kwance shi, sai ga rami. Ya ce masu ƙera injin dama sun bar wa famfo wuri, aka rufe aka ƙyale. A can ciki akwai wani ƙullutu a jikin sandar da ke juyawa. Duk juyi guda sai ƙullutun ya ture wani ɗan tsinken ƙarfe, tsinken ya danna hannun famfo, wata fatar roba a cikin famfon ta lotsa ta dawo, ta tsotso mai ta tura gaba. Ya ce, "Kin gani? Muddin inji na juyawa, shi ma yana bugawa. Ba ruwansa da batir, ba ruwansa da waya. Na lantarkin kuma ba za mu cire shi ba, ya zauna yana jira. In ɗaya ya gaza, ɗaya na nan."

Na ce, "Kawu, to ai abin ba wuya."

Ya ce, "Ɗaurawa ba wuya."

Gaskiyarsa. Ranar da aka fara tada injin da sabon famfon, ina nan. Ya tashi da kyau, farfela na kaɗa iska har mayafina ya nemi tafiya. Can sai allurar agogon mai ta haura inda bai kamata ba, injin ya fara shaƙewa, na ga mai yana ɗiga daga ƙasan kafireta, kusa da bututun hayaƙi mai zafi. Kawu ya ɗaga hannu biyu, taubashina ya kashe. Warin esansi, wato fetur, ya cika rumfar. Ban taɓa ganin fuskar Kawu haka ba, kamar an zare mata jini. Famfon ya fi ƙarfin kafiretan, yana tura mai fiye da abin da za ta iya tarewa. Akwai wani ɗan zobe da ake sawa tsakanin famfo da jikin inji, kaurinsa ne ke rage bugun, kuma wanda Kawu ya zaɓa ya yi siriri. Ya zauna kan tayar nan da nake zama.

Taubashina ya share murya ya ce, "Ce ma Baba na kira masu famfon. Sun ce akwai mai kauri a cikin kwalin, shi ake sa ma irin wannan injin."

Na juya zan maimaita, Kawu ya ce, "Na ji." Sannan ya ce, "Ce masa ya kawo."

Aka sa mai kaurin, allura ta zauna inda ake so. Ni na ɗauka an gama. Ashe da saura. Kawu ya ce sai an ja wani siririn tiyo daga gindin famfon zuwa waje, don ranar da fatar robar ta yage man ya zube a iska, kada ya zuba kan inji mai zafi. Ya ce kuma sai an yi wa famfon ƴar rumfa ta gwangwani, a jawo mata iska daga gaba, saboda zafin ƙasarmu yana iya tafasa mai a cikin famfo ya zama tururi, famfo kuwa ba ya tura tururi. Ya yanka gwangwanin, ya gwada, ya yar, ya sake yanka wani.

Duk wannan ana yi tsuntsaye na ci. Masu jirgin suna aiko da tambaya safe da yamma. Inna ta kira ta ce jan-baki sun shiga gonar Kawu ta gabas, yara sun gaji da kaɗa gwangwani. Ya ce mata, "Su ci." A ranar ce taubashina ya kasa haƙuri. Bai bi ta kaina ba. Ya ce, "Baba, hatsin mutane na ƙarewa. Famfo na aiki, na lantarki na aiki. Rumfar nan a yi ta daga baya."

Kawu ya ajiye almakashin. Ya juyo ya dubi ɗansa ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na san hatsi na ƙarewa, nawa na ciki. Na taɓa tsince mutum daga cikin ƙarfe da hannun nan. Ba zan tsince ka ba. Riƙe mini nan."

Taubashina ya riƙe. Ni na tattara kwanoni na fita, na tsaya a bayan rumfar har na samu kaina. Daga ranar ba su ƙara neman tafinta ba. Ba wai sun koma hira ba ne, amma "miƙo" da "ga shi" sun dinga tafiya kai tsaye.

Da aka gama, wani matashi ya zo daga buro, wato ofishin kula da jirage, a Yamai don ya duba aikin kafin a ba jirgin izinin tashi. Na ji tsoron haɗuwarsu, don na san Kawu da aikinsa. Matashin ya bi komai a natse, ya sa yatsa a bayan injin ya ce, "Baba, tiyon nan yana gogar bakin ƙarfe. Yau ba komai, amma girgiza za ta ci shi." Kawu ya sa tabarau ya leƙa. Ya ce, "Haka ne. Ban gani ba. Allah ya yi maka albarka." Ya sake wa tiyon hanya, ya ɗaure. Da yamma a gidana ba shi da zance sai na yaron nan. Ya ce wa maigidana yau hankalinsa ya kwanta, ashe akwai masu ido a bayansu.

Ranar gwaji na zo da fura, sai na tarar Kawu ya naɗe babbar rigarsa ya ba wani ya riƙe, yana ƙoƙarin ɗaga ƙafa ya hau fiffike. Na ce, "Kawu, ina za ka?" Ya ce a inda ya koyi aiki, wanda ya taɓa inji shi ke fara hawa. Na ce shekarunsa fa. Ya ce shekarun ba su hana shi kwancewa ba. Na dubi taubashina ko zai hana, sai na ga yana gyara wa ubansa ɗamarar kujera. Kawu ya leƙo ya ce mini, "Kada ki faɗa ma Innarku."

Suka tashi. An gaya mini cewa in sun yi sama za su kashe famfon lantarki su bar sabon shi kaɗai, don haka na kafa kunne ina jiran in ji ko ƙarar za ta yanke. Ba ta yanke ba. Suka zaga filin, suka sake zagawa, sannan jirgin ya miƙe yamma ya ƙanƙance har na daina ganinsa. Ba haka aka shirya ba. Matashin buro ya duba agogonsa, ya yi magana a rediyo, ya ce mini lafiya lau suke. Ban yarda da shi ba. Duk addu'ar da na iya sai da na karanta, furar na riƙe a hannuna har ta tsinke.

Da suka sauko, Kawu ya fito da ƙyar. Bai kula kowa ba. Ya buɗe murfin injin, ya bi kowace mahaɗa da yatsa yana shinshinawa, ya taɓa ƴar rumfar gwangwanin da bayan hannu. Ya ce, "To." Sannan ya karɓi furar ya shanye a tsaye.

Washegari jirgin ya koma aikinsa, Kawu kuma ya ce girbi na jiransa. Na raka shi tasha. Abin da ya ce mini na ƙarshe, bayan ya sa wa yara albarka, shi ne in faɗa wa maigidana sarƙar motonsa ta saki. Ya hau mota da ƙafarsa, yana taya wata tsohuwa ɗaga buhu. Wata bai cika ba aka kira mu. Duk tsawon kwanakin nan da nake kai abinci, tsorona a kan ɗan yake. Ko sau ɗaya ban dubi uban na yi tunanin komai ba.

Bayan sadakar bakwai, baƙi sun ragu, muna zaune a ɗakin Inna, ita tana cikin takaba. Wata maƙwabciya da ta ji a bakin mijinta ta yi suɓul da baka, ta ce ai Malam ya yi sa'a, ya hau jirgin ɗansa kafin ya tafi. Inna ta ɗago kai ta dube ni. Na sunkuyar da nawa. Ta sa aka kira taubashina, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa.

Ta ce, "Da gaske ne ka ɗauki tsohon nan ka kai shi sama?"

Ya ce, "Shi ya hau, Inna."

"To mi ya ce?"

Ya ce da farko hankalin Kawu duk yana kan inji. Idonsa na kan allura. Da aka kashe na lantarki allura ba ta motsa ba, amma duk da haka ya daɗe bai ɗauke ido ba. Sai can ya juya ya leƙa ta taga. Kawu ya ce masa duk shekarun da ya yi yana hawa gwaji, agogo yake kallo, bai taɓa duba ƙasa da kyau ba. Shi ya ce a miƙa Gidan Sori. Suka bi saman gulbi, ya gane shanun Baffa, ya gane gonarsa, har ya yi tsaki a kan gefen da tsuntsaye suka cinye. Da suka iso saman gari ya ce a sauko ƙasa kaɗan.

"Ya nuna gidan nan da yatsa, ya ce, 'Ga uwarka can tana shanyar wake.' Sai ya tambaye ni, 'Haka kake gani kullum?' Na ce haka ne. Sai ya ce, 'Ashe abin da na so in hana ka ke nan.'"

Inna ta daɗe tana kallon tabarma. Ta ce ta tuna ranar. Jirgi ya zo ƙasa-ƙasa har kaji suka watse, gabanta ya faɗi, ta bar waken ta ruga ɗaki tana salati, tana roƙon Allah ya sauke ɗanta lafiya.

Ta ce, "Ashe yana ciki." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Da na sani da na tsaya na ɗaga masa hannu."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci. Ya ba Inna da uwata da Baffa haƙurin rashinsa. Ɗansa kuma, duk sanda ya tashi, Allah ya sauke shi lafiya.